Shekara Arba'in da Faɗan Manya a Hammatata

Ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a jarida ba, kuma sunana bai taɓa fitowa a cikinta ba, amma fiye da shekara arba'in na yi ina ɗauke da ita a hammata, ina tallarta a titunan Kaduna, har tawadarta ta zama kamar wani ɓangare na fatar hannuna. Da ita na yi aure, da ita na sa 'ya'yana a makaranta, kuma saboda ita na taɓa rasa duk abin da na tara. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne, idan ana ba da tarihin manyan attajiran da suka kafa gidajen jaridu a Nijeriya, daga sama ake fara labarin kuma a sama ake ƙare shi, alhali kuwa mu da muke ƙasa, mu da muke ƙirga kwafi da asuba muna mayar da kwantai da yamma, mun ga wani gefe na wannan gasa wanda ba a ganinsa daga ofishin mai gida.

A shekarar 1979 mahaifina ya rasu a ƙauyenmu da ke ƙasar Zazzau, ina da shekara goma sha uku, na gama firamare ke nan. Ƙanen mahaifiyata, wanda nake kira Kawu, ya zo ta'aziyya, da zai koma sai ya ce wa mahaifiyata ta ba shi ni ya koya mini sana'a. Kawu ejan ne na jaridu, yana zaune a Tudun Wada, yana da yara bakwai da ke yi masa talla, ni na zama na takwas. Tun kafin kiran assalatu muke tashi, mu tafi wurin rabo, inda ake sauke ɗaurin jaridu a ƙasa ana kwance igiya ana ƙirgawa da hasken fitila. New Nigerian ita ce ta gida, domin a titin Ahmadu Bello ake buga ta, takan iso mana da ɗuminta kamar burodin da aka fitar daga tanda, ita kuwa Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya tun 1939, ita ce ta dattawa da malamai. Jaridun Legas da na Ibadan kuwa sai an jira su, wasu ta jirgin sama, wasu a motocin da ke kwana suna gudu ta Ilori da Jabba da Mokwa da Tegina da Birnin Gwari, kuma direban da ya riga ɗan'uwansa isowa da sa'a guda ya riga ya cinye masa kasuwar ranar.

A wancan lokaci manyan jaridun biyu na gwamnati ne, domin tun 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta karɓi kashi 60 cikin ɗari na hannun jarin Daily Times, ta kuma karɓe New Nigerian baki ɗaya. Waɗanda ke hannun 'yan kasuwa da 'yan siyasa ba su da yawa. Akwai Punch, wadda Olu Aboderin da Sam Amuka suka kafa, akwai kuma Nigerian Tribune ta Cif Obafemi Awolowo, wadda ya kafa a Ibadan tun 1949, kuma kowa ya san bakin jam'iyyarsa ta UPN ce. Awolowo ya sha kaye a hannun Alhaji Shehu Shagari a zaɓen 1979, an je har kotun ƙoli kan lissafin kashi biyu bisa uku na jihohi 19, saboda haka kullum garin Allah ya waye Tribune tana kan gwamnatin NPN, jam'iyyar Shagari, da bulala.

Cikin wannan hali ne, a farkon watan Maris na 1980, aka sauke mana ɗaurin wata sabuwar jarida mai suna National Concord. Ina iya tunawa da yadda Kawu ya zaro kwafi ɗaya, ya shafa takardar da tafin hannunsa, ya shinshina ta, ya ɗaga ta ga hasken fitila, sannan ya dube ni ya ce, “Ɗan nan, wanda ya buga wannan ba riba yake nema ba, akwai wanda yake so ya kayar.” Ban fahimci maganarsa ba a lokacin. Mai jaridar shi ne Cif Moshood Abiola, mutumin Abeokuta, babban jami'in kamfanin sadarwa na ITT a Afirka, attajiri mai kyautar da ba a taɓa ganin irinta ba, kuma jigo a jam'iyyar NPN. Shi Bayarabe ne da ya zaɓi ya tsaya a jam'iyyar da yawancin mutanensa ke wa kallon ta Arewa, ya kuma ga cewa muddin Awolowo na da bakin da ke magana kowace safiya shi ba shi da shi, to ba zai taɓa samun wurin tsayawa a ƙasar Yarabawa ba. Sai ya sayi injuna, ya gina maɗaba'a a Ikeja, ya buɗe bakin aljihu ya kwaso ƙwararrun ma'aikata daga wasu gidajen da albashin da ya ninka nasu. Daga Daily Times aka ɗauko Dele Giwa da Doyin Aboaba, wadda daga baya ta zama matar Abiola kuma shugabar kamfanin, daga nan Kaduna ma aka ɗauke Yakubu Mohammed daga New Nigerian, abin da aka daɗe ana maganarsa a wurin rabo.

Yaƙin da ya biyo baya, ni a kan teburin Kawu na gan shi. Concord ta fito da labarin da ke zargin Awolowo da mallakar filaye 360 a Maroko da ke Legas, tana tambayar yadda mai wa'azin gurguzu da tausayin talaka zai tara irin wannan ƙasa, ta kuma riƙe maganar kwana da kwanaki ba ta sake ta ba. Tribune kuwa ta juya kan kwangilolin wayar tarho na ITT, tana neman a faɗa wa 'yan ƙasa inda kuɗinsu ya shiga. Ina da abokan ciniki biyu a layi ɗaya kusa da Kasuwar Barci waɗanda ba zan manta da su ba. Ɗaya tela ne, mutumin Ijebu, wanda ya rataye hoton Awolowo a saman kekensa na ɗinki, ɗayan kuwa tsohon akawun reluwe ne, ɗan NPN na gani-kashe-ni. Idan na zo shagon telan, dole in tura Concord can ƙarƙashin ɗauri, domin ya taɓa gaya mini cewa ranar da ya sake ganinta a sama, ranar ce zai daina sayen jarida a hannuna. Amma kusan kullum, bayan na miƙa masa Tribune ɗinsa, sai ya leƙa waje ya ga ko akwai mai kallonsa, sannan ya rage murya ya ce in bar masa waccan ma, yana so ya ga ƙaryar da suka yi yau. Akawun ma haka yake yi da Tribune. Ta haka mutum biyu da a da suke sayen jarida biyu suka koma sayen huɗu, la'adata kuma ta ninka.

Kawu ya gane wannan sirri tun da wuri, saboda haka ya hana mu raba jaridun biyu a kan tebur. Yakan jera su kafaɗa da kafaɗa, ya ɗora dutse a kan kowace don kada iska ta kwashe, yadda duk wanda ya karanta kanun ɗaya idonsa zai faɗa kan amsar ɗayar. Ranar da majalisar jiha ta tsige Gwamna Balarabe Musa, a watan Yuni na 1981, da washegarinta, ko kwafi ɗaya ba mu mayar ba, har wanda ya yage sai da aka saya, domin kowane mai jarida ya ba da labarin ta fuskar da ta dace da ubangidansa, jama'a kuwa suna so su ji duka.

Akwai wani alheri da wannan gasa ta yi mini wanda ba zan ɓoye ba, ko da yake ba don ni aka yi shi ba. Abiola bai tsaya ga masu jin Turanci ba, ya fito da Isokan da Yarabanci, da Udoka da harshen Ibo, da kuma Amana da Hausa. A Kano ma gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa kamfanin Triumph, wanda ke buga Albishir da boko da Alfijir da ajami. Kwatsam sai ga mai karatun Hausa, wanda shekara da shekaru kusan Gaskiya kaɗai yake da ita, ya wayi gari ana zawarcinsa. Bayan sallar la'asar dattawan layinmu sukan zauna a kan tabarma a ƙofar wani mai goro, su aika a kira ni in karanta musu Gaskiya da Amana ɗaya bayan ɗaya, idan na yi tuntuɓe a kalma su gyara mini, idan na gama su ba ni sule. A wannan tabarma na koyi karatu na haƙiƙa, a nan kuma na fara jin dattijo yana cewa, “To, wannan ta faɗi nata, ɗauko waccan mu ji.” Har yau ina jin ciwon cewa mutumin Abeokuta ne ya fara zuba kuɗinsa na kansa da gaske don ya yi magana da Bahaushe da harshensa, a lokacin da attajiranmu ke ganin jarida asarar dukiya ce.

A 1982 ne na fahimci maganar da Kawu ya yi a daren farko. Abiola ya nemi hanyar takarar shugaban ƙasa a NPN, manyan jam'iyyar suka toshe masa ƙofa, sai ya fice daga cikinta. Ba a ɗauki wani dogon lokaci ba Concord ta sauya murya, jaridar da jiya take kare gwamnatin Shagari ta koma tana tone-tonen asirinta. Tsohon akawun nan ya riƙe jaridar a hannunsa wata safiya, ya karanta shafin farko sau biyu, sannan ya tambaye ni cikin ɓacin rai ko an sayar da kamfanin ne. Na ce masa ba a sayar ba, mai shi ne dai ya bar jam'iyya. Ya ninke ta a hankali ya miƙo mini, ya ce shekara biyu yana ɗaukar abin da ke ciki a matsayin gaskiya, ashe zuciyar mutum ɗaya yake karantawa. Bai sake sayenta ba, kuma fuskarsa a wannan rana tana cikin abubuwan da suka zauna mini a rai, domin mutum ne mai gaskiya da ya ba da amanarsa ga takarda.

Daga nan fagen ya cika. A 1983 Alex Ibru, ɗan gidan attajiran Ibru, ya fito da The Guardian tare da Stanley Macebuh, jarida mai nauyin Turanci wadda malaman jami'a da manyan ma'aikata ke saƙalewa a hammata don a san su wane ne. Sam Amuka, bayan saɓani ya raba shi da Punch, ya kafa Vanguard a 1984 don ya goga da gidan da ya taimaka aka gina. A shekarar ce gwamnatin Janar Buhari ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na Guardian a ƙarƙashin dokar soja ta 4, wadda ta takura wa 'yan jarida, a shekarar ce kuma Dele Giwa da Ray Ekpu da Yakubu Mohammed suka bar Abiola, suka haɗu da Dan Agbese suka kafa mujallar Newswatch. Ranar 19 ga Oktoban 1986 aka kashe Dele Giwa da bam ɗin da aka aika masa cikin ambulan, kuma na ga mutanen da ba su taɓa saninsa ba suna tsaye a gaban teburinmu suna share hawaye.

Manyan Arewa su ma suka farga cewa wanda ba shi da baki a Legas ake yanke masa hukunci. Alhaji Isma'ila Isa Funtua ya tsaya wa The Democrat, Abidina Coomassie ya kafa Today da 'yar'uwarta ta Hausa A Yau, Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya kafa The Reporter da Nasiha, Hassan Sani Kontagora kuma yana buga Hotline da Rana, duk a nan Kaduna. Sai dai sun shigo a mugun lokaci. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda da tawada da kayan gyaran inji kuwa yawanci daga waje ake shigo da su, masana'antar takardar jarida ta Oku Iboku ma ba ta yi nisan kwana ba. Farashin jarida ya riƙa hawa, albashin masu saye bai hau ba, sai aka samu 'yan karatun kyauta, waɗanda ke kewaye tebur tun safe suna karantawa suna gardama ba su saye, da yamma mu tattara kwantai mu ɗaure. Duk da haka kasuwa tana da rai. Lokacin da Weekend Concord ta fito a 1989 ƙarƙashin Mike Awoyinfa, da labaran rayuwar mutane da manyan hotuna, Asabar ta zama ranar da ta fi kowace kawo mana kuɗi, kuma da ribar wannan shekara na yi aure, Kawu ya yanka mini nawa yankin ya ba ni yara biyu.

Abiola a lokacin ya zama kamar wata ƙasa a cikin ƙasa, yana da jiragen sama da gonaki da gidan burodi da kantunan littattafai da ƙungiyar ƙwallon ƙafa, ga jaridu da mujallu da ke ɗaukar hotonsa duk inda ya je ƙaddamar da masallaci ko makaranta. Amma a 1992 aka ga iyakar abin da mai jarida zai iya jurewa idan dukiyarsa na hannun hukuma. Gwamnatin Janar Babangida ta rufe gidan Concord saboda wani labari da mujallar African Concord ta buga, Abiola ya nemi editan, Bayo Onanuga, ya ba da haƙuri, shi kuwa ya gwammace ya ajiye aiki, shi da abokansa suka tafi suka kafa TheNews. A farkon 1993 aka rufe The Reporter a Kaduna, bayan an riga an hana mai ita takara.

Sai zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Yunin 1993. Abin da aka shekara goma sha uku ana shukawa da tawada ya nuna, domin babu ƙauyen da ba a san sunan Abiola ba, har ya doke Alhaji Bashir Tofa a jiharsa ta Kano, ya kuma ci Kaduna. A kwanakin nan mutane sukan tare motar jarida tun kafin ta tsaya, suna miƙo kuɗi ta taga. Da aka soke zaɓen, sai aka bi gidajen jaridun da kwaɗo. An rufe Concord da Punch a 1993, aka buɗe su, sannan a watan Yunin 1994, lokacin da Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa a unguwar Epetedo da ke Legas aka kama shi, gwamnatin Janar Abacha ta sake rufe su, a watan Agusta kuma ta haɗa da Guardian, duk da cewa mai ita, Alex Ibru, minista ne a cikin gwamnatin. Sai da aka shafe fiye da shekara kafin su dawo.

A littattafan tarihi wannan layi biyu ne, amma a gidan Kawu yunwa ce. Jaridu ukun nan su ne fiye da rabin cinikinsa. Yaransa suka watse ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma acaɓa, wasu suka koma gida noma. Ya sayar da babur ɗinsa, ya sayar da filin da ya saya a Rigasa da niyyar gina wa iyalinsa, kuma duk da haka bai fasa fita da asuba ba, yakan je wurin rabo ya tsaya a gurbin da motar Concord ke tsayawa, kamar mai jiran baƙon da ya yi alkawari. Hawan jini ya kama shi, ɓarin jikinsa ya shanye. Ina zaune a gefen tabarmarsa wata rana ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya ya ce, “Ɗan nan, ka riƙe teburin, amma kada ka jingina da jaridar mutum ɗaya, domin ranar da ya faɗi da kai zai faɗi.” Ya rasu a damunar 1995, watanni kaɗan kafin a buɗe gidajen. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Su ma manyan ba su tsira ba. An harbi Alex Ibru a Legas a watan Fabrairun 1996 ya rasa ido ɗaya, 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disambar 1997, Abiola ya rasu a tsare ranar 7 ga Yulin 1998, kuma bayansa Concord ba ta yi shekaru da yawa ba injunanta suka yi shiru.

Da na riƙe wasiyyar Kawu, da ban shiga abin da na shiga ba. A 1995 Nduka Obaigbena ya fito da ThisDay, wadda ta jawo sauran gidaje cikin gasar buga launi da buga jarida a gari fiye da ɗaya a dare guda, a 1998 kuma Kabiru Yusuf da abokansa suka fara Weekly Trust a nan Kaduna, wadda ta haifi Daily Trust a Abuja a 2001. Da mulkin farar hula ya dawo, sai kowane mai kuɗi da ke hangen kujera ya ga ya kamata shi ma ya mallaki bakinsa. Ana cikin haka wani attajiri, wanda ba zan ambaci sunansa ko jiharsa ba, ya aiko a kira ni. Yana neman kujerar gwamna, abokin hamayyarsa kuma yana da wata jaridar mako-mako da ke yi masa rauni, saboda haka ya ƙudura sai ya kafa wadda ta fi ta. An shigar da ni falonsa bayan sallar isha'i, na durƙusa na gaishe shi, ya ce an gaya masa babu wanda ya san hanyar jarida a Arewa kamata, yana so in zama shugaban sashen rarrabawa, da mota da albashin da ya ninka abin da nake samu sau huɗu. Na ce, “Ranka ya daɗe, kwafi nawa za a riƙa bugawa, kuma su wa muke sa ran za su saya?” Sai ya ɗaga hannu ya ce wannan ba damuwata ba ce, shi dai abin da yake so shi ne duk teburin da aka ga jaridar wancan, a ga tasa a samanta.

Wannan amsa kaɗai ta isa ta sa in tashi in yi sallama, domin na ji irinta a bakin Kawu shekara ashirin da suka wuce, amma na amsa. Na bar wa wani yaro teburina, na shiga aiki da zuciya ɗaya. Na yi amfani da mutuncin da na gada wajen shawo kan ejan-ejan daga Zariya zuwa Funtuwa zuwa Gusau su karɓi jaridar, wasu har da ba da kuɗin ajiya saboda sun yarda da ni. Wata shida na farko komai yana tafiya, ana buga dubbai ana rabawa, mafi yawa suna dawowa kwantai, mai gida kuwa bai taɓa tambayar lissafi ba, shafin farko kaɗai yake dubawa ya ga ko an taɓa abokin gabarsa. Editanmu, wani matashi mai ilimi da tsoron Allah, ya taɓa ƙin buga wani labari a kan iyalin wancan mutumin domin babu hujja, washegari aka hana shi shiga ofis. Da aka yi zaɓen fid da gwani mai gida ya faɗi, bayan mako biyu aka sasanta su da wanda ya kayar da shi, aka ga hotonsu suna rungume da juna. Daga ranar ba a sake sayen takarda ba. Albashi ya tsaya, muka yi wata tara muna zuwa ofis muna zama a kan benci, masu gadi a gidansa kuma suka daina gane fuskokinmu. Abokin aikina mai kula da inji, magidanci mai 'ya'ya shida, shi ne ya lulluɓe injin da tamfol da hannunsa, yana yi yana kuka, domin ya ce inji ne mai kyau wanda bai yi ko shekara biyu yana aiki ba.

Ejan-ejan da suka ba da ajiya ba su san attajirin ba, ni suka sani. Na sayar da gidan da na fara ginawa da kayan ɗakin matata, da yardarta, na biya su ɗaya bayan ɗaya, domin ba zan iya haɗa ido da mutanen da suka yi wa Kawu jana'iza ina riƙe da haƙƙinsu ba. Matata ba ta taɓa goranta mini ba ko sau ɗaya, ta koma sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a cikin gida har muka farfaɗo. Na koma teburina ina da shekara kusan arba'in, na fara daga inda na fara ina yaro.

Tun daga lokacin nake lura da waɗanda suka rayu da waɗanda suka mutu. Punch ta kusa durƙushewa bayan rasuwar Aboderin a 1984, amma da Ajibola Ogunshola ya karɓi ragamarta a 1987 ya tafiyar da ita a matsayin kasuwanci mai lissafi, ga ta nan har yau. Tribune jaridar siyasa ce tun asali, amma ta wuce rasuwar Awolowo a 1987 domin iyalinsa sun riƙe ta kuma tana da jama'ar da ke ganin tasu ce. Trust ma'aikatan jarida ne suka haɗa hannu suka kafa ta, kuma da Sam Nda-Isaiah ya fito da Leadership a 2004 aka sake samun gasa mai amfani a Abuja, wadda ta kai gidajen biyu ga buga jaridun Hausa, Aminiya ta fito a 2006, Leadership ma ta fito da tata. Na sake ganin dattawa suna cewa a ɗauko waccan mu ji, ko da yake ba su kai na da yawa ba. New Nigerian da Gaskiya, waɗanda na buɗe ido da su, sun daɗe da ɓacewa daga teburina, kuma duk lokacin da na bi ta titin Ahmadu Bello na ga dogon benen nan sai na kawar da kai.

Yanzu labari yana cikin waya, manyan masu kuɗi kuma sun mayar da gasarsu gidajen talabijin da shafukan intanet. Jiya da asuba kwafi talatin da biyu na karɓa gaba ɗaya, ni da a da nake ƙirga ɗaruruwa kafin rana ta fito, kuma goma sha ɗaya sun kwana. Akwai wata mai ƙosai a bakin layinmu da ke sayen tsofaffin jaridu a kilo, ranar Juma'ar da ta wuce ta aiko ɗanta ya tambaye ni ko akwai sauran takarda a gida. Na shiga ɗaki na buɗe akwatin ƙarfen Kawu, wanda matarsa ta ba ni bayan arba'in ɗinsa, na tarar da ɗaurin da ya adana, har da wani kwafin Amana da ya yi ja saboda tsufa, a gefensa akwai lissafin la'adar yaransa takwas da ya rubuta da ajami, sunana ne na ƙarshe. Na mayar da shi na rufe akwatin, na fito na ce wa yaron ya gaya wa babarsa ta yi haƙuri sai wani makon.